Walƙiya Ta Rasu, Kuma An San Wanda Ya Kashe Ta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ta ƙi hucewa, mai hoton nan na ƙarƙashin bene, wanda manya da yara suka sani da Baba Kar-ka-motsa, yana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a da duk wanda ya taɓa zama a kujerarsa aka ce ya ɗaga haɓa, rasuwar fitilar kyamararsa, wadda ya raɗa wa suna Walƙiya. Ta rasu ranar Lahadi da la'asar tana tsaka da aiki, a ɗakin wata dattijuwa, a gaban jama'a. Waɗanda suka riga suka ce kwana ne ya ƙare, an gode musu, amma ana roƙonsu su karanta sanarwar nan har ƙarshe.

Marigayiya ta shigo hannun Baba Kar-ka-motsa tun yana gwauro, lokacin da shagon bai wuce kujera ɗaya da labule ba. Ta hannu ya saye ta, da ɗan tabo a wuya, kuma tun daga ranar ba ta taɓa sa shi jin kunya ba. Ta san aikinta. In ɗaki mai farin silin ne, sai a ɗaga wuyanta sama, ta watsa haske ya sauko wa mutum a hankali kamar hantsi. Ba ta taɓa mayar da idon kowa ja ba. Mai sanƙo ya zauna gabanta hankalinsa kwance, don ba ta tona asirin goshi. Baƙi yakan fito da baƙinsa mai kyau, fari ya fito da farinsa, ba ta ƙara wa kowa abin da Allah bai ba shi ba. Ta haska jarirai da 'yan makaranta da masu neman aiki da suka aro kwat, ta haska amaren da suka kumbura ido da kuka, kuma ba a taɓa jin maganar kowa a bakinta ba.

Magana biyu gare ta duk tsawon rayuwarta. In an kunna ta sai ta ja wani siririn kuka, wiiiii, yana hawa yana hawa har ɗan jan idonta na baya ya kama. Daga nan sai fau! A tsakanin waɗannan biyun ne maigidanta kan ce kar ka motsa, har maganar ta zame masa suna. Ta taɓa gangarowa daga matakalar benen nan tun daga sama har ƙasa, murfin baturinta ya tsage, aka ɗaure shi da roba, da yamma ta koma aiki ko tari ba ta yi ba.

Ta rasu ta bar kyamara, abokiyar zamanta, wadda yanzu ke zaune da kai a buɗe. Ta bar gilasan kyamara biyu, dogo da gajere, da mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai wanda dama gurgu ne a ƙafa ɗaya, da farar lema, da labulen bango mai zanen lambu da gidan sama. Ta kuma bar batura huɗu marayu, cike da caji, ba su san inda za su sa kansu ba.

Ga yadda abin ya faru. Akwai wata tsohuwar nas da Baba Kar-ka-motsa ke yi wa hoto tun tana sa farar hula. Shi ya ɗauki 'ya'yanta suna rarrafe, shi ya ɗauki jikokinta. Yanzu ƙafa ta ƙi, ba ta iya fita ko falo. 'Ya'yan nan sun watsu a duniya, da ƙyar aka haɗa su yini guda a gida ɗaya, ita kuma ta ce ba ta son hoton waya, a kira mata mai hotonta. Ya goge takalmi, ya ɗauki jaka, ya tafi.

Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya, ita ma katangar maƙwabta ta tare ta. Aka tayar da dattijuwa aka jingina ta da matashin kai, aka ɗaura mata ɗankwalin da take so. Manya suka tsaya a baya, yara suka zauna bakin gado, aka ɗora mata jaririn gidan a cinya. Baba ya jera su yadda ya saba, ya ɗora Walƙiya a kan kyamara, ya ɗaga wuyanta sama, ya kunna. Ta fara, wiii, sai ta sarƙe. Ya kashe ya sake kunnawa. Ta ce tik, tik. Ya canza batura, ya goge bakin ƙarfen da gefen rigarsa, ya ɗan bubbuga ta da tafin hannu kamar mai lallashin yaro. Jama'a suna tsaye da murmushi a fuska har murmushin ya fara tsami. A karo na ƙarshe ta ja wani numfashi gajere, wani ɗan wari ya tashi, jan idon bai kama ba.

Ya ɗauka a haka, don ba yadda zai yi. Abin da ya fito a bayan kyamara inuwoyi ne da fararen haƙora. Nan take kowa ya zaro waya, ɗaki ya cika da ƙyal-ƙyal. Babban ɗan ya dafa masa kafaɗa cikin ladabi, irin ladabin da ya fi mari ciwo, ya ce, “Ba komai, Baba. Zamani ne ya canza.”

Dattijuwar ce ta yafito shi da hannu. Ta karɓi kyamarar, ta daɗe tana duban duhun nan, sannan ta ce, “Ka wanko min shi a haka. Ni na san waye a ina.” Washegari 'ya'yan suka kama hanya. Wannan taron ba zai sake haɗuwa ba, kowa a ɗakin ya sani.

A ranar da abin ya faru, Baba bai bi ta gida ba. Ya naɗe marigayiya a hankici ya wuce wurin mai gyara, wani mutum mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, wanda teburinsa ke cike da gawarwakin rediyo. Mai gyara ya kwance noti, ya buɗe cikinta, ya karkata ta. Ƙwayoyin shinkafa suka zubo a kan tebur. Ya dubi shinkafar, ya dubi Baba. Ya nuna masa farar tsatsa da ta ci allon ciki, ya nuna masa ma'ajiyar wutar da ta kumbura kamar ƙurji, ya nuna masa gilashin gaba da ya lanƙwashe saboda zafi. Sannan ya kai ta hanci ya shinshina.

“Ruwa ta sha,” in ji shi. “Aka gasa ta da abin busar da gashi, aka binne ta a shinkafa. Da an cire batura an kawo min ita a jiƙe, da yanzu tana aiki. Wanda ya yi jinyar shi ya ƙarasa ta. Amma Malam, kai turare kake sayarwa yanzu?”

Baba Kar-ka-motsa ba ya sayar da turare. A duk danginsa da na matarsa mutum ɗaya ne ke sayar da turare, kuma mutum ɗaya ne ke shiga gidansa ba sallama ya buɗe firji. Ƙanin matarsa ne, autan gidansu, wanda ake kira Ba-Matsala saboda abin da yake cewa ke nan kafin ya ɓata abu, da kuma bayan ya ɓata. A makon da ya wuce ya zo aron fitilar, wai zai ɗauki kwalaben turarensa ya sa a waya. Aka ce masa a'a. Ya yi dariya ya ce ba matsala.

Da Baba ya koma gida ya zauna bai cire takalmi ba, matarsa ta dube shi sau ɗaya ta miƙo masa wayarta. Hoton kwalbar turare ne a bakin baho, ruwa ya fantsama ya tsaya cak a iska, kowane ɗigo da haskensa. A ƙasa an rubuta: kaya sun iso. Baba ya san wannan hasken, ko daga barci aka tashe shi zai gane shi. Aikin Walƙiya na ƙarshe ke nan, an ɗaure ta da salatif a sandar goge ɗaki an rataye ta a saman ruwa.

Aka haɗu a falon surukarsa. Ba-Matsala yana kwance a doguwar kujera yana latsa waya. Da aka zube masa shinkafar a kan tebur, sai ya tashi zaune.

“Yaya, wallahi sulɓewa ta yi. Kuma ai na yi ƙoƙari, kwana ta yi a cikin buhu. Haka ake yi, a waya na gani.”

“Da ka mayar da ita jaka ka ja zip, shi ma a waya ka gani?”

“To ai na ga ta bushe. Kuma Yaya, tsakani da Allah, abin nan ya tsufa. Yanzu wa ke amfani da irin wannan?”

Surukar ta ce a yi haƙuri, yaro ne. Yaron nan furfura ta fara fito masa a gemu. Baba ya dubi tsohuwar, ya haɗiye abin da ya taso masa, don bai taɓa ɗaga murya a gidan nan ba kuma ba zai fara a kan wannan ba. Ya tattara shinkafarsa ƙwaya-ƙwaya ya zuba a aljihu, ya yi sallama. Bayan kwana biyu Ba-Matsala ya aiko da wata zagayayyar fitila ta 'yan ɗaukar kai a waya, mai jela ana soka ta a caja, wai a maye gurbi. Ana sanar da jama'a cewa an mayar masa da ita a ledarta.

Baba ya ɗauka matarsa za ta bi bayan ɗan uwanta, don jini ya fi ruwa kauri. Sai ga ta da safe ta janyo wani tsohon akwati daga ƙarƙashin gado ta ajiye masa a gaba. Ta ce, “Maigida, keken ɗinkina da ya ce ɓarayi ne suka ɗauke, shi ne ya ɗauke. Na yi shiru saboda Mama. Wannan karon ban ga dalili ba.” A cikin akwatin akwai duk hotunan da aka taɓa ɗauka a dangi aka ce kar a wanke, ita kuwa ta sa aka wanke ta adana.

Saboda haka, ga tsarin jana'iza. Za a yi zaman makoki a shago ranar Asabar da hantsi. Ba za a binne marigayiya a ƙasa ba, ta sha binnewa ya isa. Za a kwantar da ita a saman kabad ɗin gilashi, kusa da hoton duhun da dattijuwa ta ce a wanko, wanda aka yi kwafi biyu. Ba a buƙatar furanni. Wanda duk ya zo da shinkafa, a bakin ƙofa zai tsaya.

Domin tunawa da ayyukanta, za a baje wasu daga cikinsu, waɗanda aka zaɓo daga akwatin nan, a tagar shago mai kallon titi, an wanke su da girma. Akwai na wani saurayi da ya shafa man bilicin fuska ta yi fari wuya ya ƙi. Akwai wanda ya jingina da motar da ba tasa ba, mai motar yana tahowa a baya da sanda. Akwai wanda wandonsa ya yage yana tsaka da rawa, Walƙiya kuwa, da yake ba ta ha'inci a aiki, ta haska wurin tas. Ba za a rubuta suna a ƙasa ba, mutum ɗaya ne a dukansu, kuma duk unguwa ta san fuskar mai turaren nan. An samu labarin cewa yarinyar da yake nema a ɗakin shan maganin da ke kallon shagon take aiki, kuma mahaifinta ne mai wurin. Baba Kar-ka-motsa ba shi ya gina titin ba. Ya dai sa an wanke gilashin tagar ciki da waje. Masu cewa abin ya yi yawa, a tuna musu cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

An tanadi kujera ta musamman ga Ba-Matsala a sahun gaba, kuma surukar da kanta ta yi alkawarin kawo shi, don an gaya mata taron sulhu ne. Bayan an tashi za a yi hoton dangi a ƙofar shago, da hasken rana, tunda abin da ya rage ke nan. Za a tsayar da shi a can gefe, a gyara masa kwala, a ce ya ɗaga haɓa ya yi murmushi. Baba Kar-ka-motsa yana sanar da dangi tun yanzu, don kada wani ya zo daga baya ya ce kuskure ne: daga wannan hoton har zuwa ranar da zai ajiye kyamara, a biki ko a taro, har da ranar auren shi mai laifin, abin da zai riƙa fitowa na Ba-Matsala shi ne kunnensa na hagu.

Allah ya ba mu haƙurin rashi. Shi kuma Allah ya ba shi tsawon rai.