Kwanon da Na Hana Hajja Asabe Cikawa

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na fara karatun manya a Omdurman ta ƙasar Sudan, da furfurata da komai. Malamarmu wata 'yar Najeriya ce mai karatu a jami'a. Wata rana ta rubuta mana pity a allo, ta ce tausayi ke nan da Turanci, kuma asalinta tsohuwar kalmar Rumawa ce mai nufin tsoron Allah da kyautata wa iyaye. Na ce ashe tausayi ibada ne! Na fito ina neman wanda zan tausaya wa (kun san sabon ilimi, ƙaiƙayi gare shi).

Wa zan samu in ba maƙwabciyata Hajja Asabe ba? Mijinta ya rasu, hannunta ya yi sanyi. Tsakanin gidajenmu akwai naffaj, 'yar ƙofar nan ta jikin katanga. Tun muna amare kwano ke wucewa ta nan, kuma ba ya dawowa wayam. In na aika kisra da miya, ta mayar ko da dabino ne.

Ranar bikin jikata a unguwar Hajj Yusuf, mata cike da rumfa, na cika kwano da nama na dire a gaban Hajja Asabe. Da muryar nan tawa ta tallar gyaɗa na ce, "Ungo, miskina! Kar ki wahalar da kanki ki sa komai a ciki, mun san halin da kike."

Ta gyara lulluɓinta ta ce, "Ya hajja, yaushe na zo ƙofarki bara?" Ta tashi ta tari raksha, keken nan mai ƙafa uku, ta tafi. Ni da kwanon nama muka zauna muna kallon juna.

Washegari na ga an jera bulo a naffaj. Na je ban haƙuri ta babbar ƙofa kamar baƙuwa. Ta ba ni shayi, ta ce ta yafe. Amma bulon yana nan.

Ashe dabinon nan shi ne mutuncinta, ni kuwa na ce ta riƙe abinta. Malama ta koya mini asalin kalma, ba ta ce in yi shela da ita ba. Yanzu in tausayi ya taso mini, bakina nake fara rufewa.