Tokar Ranar Talata

Ko sunana na manta, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tauna ƙasa a gaban mutum goma sha biyu ba. Muna karatun ilimin duwatsu a Lyon, sai malamarmu, Madam, ta kwashe mu zuwa wata gona bayan gari mu ga loess, wato lallausar ƙasa ruwan ɗorawa da iska ta tara tun zamanin da ƙanƙara ta rufe Turai. Gurbin istaj, wato koyon aiki, ɗaya ne tak za ta ba ɗayanmu a ɗakin bincikenta na Paris, kuma na riga na buga wa Inna waya Damagaram na ce nawa ne (har ta raba goro a unguwa).

Madam ta yi bayani: akwai ta asali, wadda ke zaune inda iska ta ajiye ta, akwai wadda ruwa ya sake kwasowa, akwai wadda ta tsufa ta koma laka. A kankare jikin gangare da wuƙa, a ɗebi sabuwa, a sa tsakanin haƙora. In ta yi gurus-gurus loess ce, in ta yi santsi laka ce. Duk na ji, amma haba! Ni ɗan Damagaram za a koya wa ƙasa?

Hadiza, 'yar Maraɗi da muke aji ɗaya, tana can tana kankara kamar mai tsintar shinkafa. Ni kuwa gwani na duƙa gindin gangaren, inda wata mai laushi ta taru, na dumbuza na watsa baki. Na lumshe ido, na tauna, na ce da Faransanci: "Ta asali ce. Shekara dubu ashirin, ko kwana ɗaya babu ragi. Har ɗan gishiri-gishirinta nake ji."

Mai gonar ya cire hula, ya sosa kai. "Madam, nan nake zubar da tokar murhu da sharar akurkin kaji. Wannan ta ranar Talata ce."

Wayyo ni! Dariya har da masu riƙe ciki, na ji kamar in nutse. Hadiza ta miƙo mini gorar ruwa, ta ce a hankali: "Malam gwani, kurkure. Kaji sun gode."

Ita ta tafi Paris. Da na faɗa wa Inna, sai ta ce: "Ɗan nan, har Turai ka je cin abin da kajina ke yi kyauta a tsakar gida?"

Tun daga ranar, kafin in buɗe baki, ko don ci ko don magana, sai na tambayi mai gona.