Safar Shugaba Tulloch

A duk gaɓar yammacin New Zealand, inda ruwan sama bai san hutu ba, babu ƙafar da ta kai ta Mista Lindsay Tulloch daraja. Shi ne shugaban ƙungiyar masu tattaki ta garin tun wasu membobin suna rarrafe. Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne: safarsa ba ta taɓa jiƙewa ba. A gabansa a ce Shugaba, a bayan idonsa Sarkin Rani.

Ƙungiyar tana da wani ludayin katako da ake rataya wa wanda ya fi kowa tafka wauta a shekara, ya ci abincin biki da shi a wuya. Shugaba ne mai ratayawa, da jawabi mai tsawon damina. Shi kam wuyansa bai taɓa jin nauyin ludayin ba, kuma ya yi niyyar mutuwa a haka. Wanzami dai ba ya son jarfa.

A tafiyar bana ya ja jama'arsa ta bakin teku, hanyar da ta ratsa kufayen masu haƙar zinariya, ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya san yadda ake ƙetare rafi a ƙasar nan: a saƙala hannu da hannu, a faɗa da takalma, a wuce. Ban da Shugaba. Shi sai ya zauna, ya kwance takalmi, ya naɗe safa kamar jaririya, ya ƙetare, sannan ya bi 'yan yatsunsa da tawul ɗaya bayan ɗaya. Jama'a na tsaye, ƙananan ƙudajen bakin teku suna shagali a wuyansu.

A kufai na ƙarshe babu abin da ya saura sai murhun wani gida da 'yan kaburbura, ga babban kogi a gaba. Ngaire, ma'ajiyar ƙungiya, wadda ta sha ludayin bara don ta manta ganyen shayi, ta dubi teku.

"Shugaba, teku fa yana cikowa, zai tura ruwa cikin kogin nan. In za ka yi wa ƙafar taka kwalliya, yi da jiki."

Shugaba ya tuɓe takalmi, ya ajiye safa a lungun murhu inda ruwa ba ya kaiwa, ya haye dutse, ya gyara murya.

"Jama'a, ku dubi garin nan. Me ya tashe shi? Za a ce muku zinariya ce ta ƙare. Ƙarya ne! Jiƙaƙƙiyar safa ce. Mutumin da bai iya riƙe ƙafarsa ba, ina zai iya riƙe gari?"

Ana cikin haka sai ga weka, tsuntsuwar nan mai kama da kaza wadda ba ta tashi sama, ba ta kuma san na wani ba. Ko yaron goye ya san ba a ajiye abu a ƙasa inda take. Ta leƙa murhu, ta zaɓi safa ƙafa ɗaya, ta yi gaba.

Ngaire ta ce, "Shugaba, ga wata ta karɓi wa'azinka."

Wayyo! Bawan Allah ya dirgo daga dutse, ya bi ta ba takalmi, yana kiran "Ke! Ke, ɓarauniya!" Suka zaga kaburbura, suka kutsa ciyawa, ya kai hannu ke nan ƙasa ta buɗe. Tsohon ramin haƙa ne, damina ta cika shi taf. Sai hula aka gani tana yawo a sama.

Da sanduna aka jawo shi, taɓo har cikin kunne. Kafin a dawo murhu, weka ta komo ta ɗauke ɗayar. Haka ya ƙetare kogin a tsakiyar layi, an saƙale shi dama da hagu, ƙafafunsa cikin ledar burodi, yana ta bayanin cewa da gangan ya shiga ramin don ya auna zurfinsa.

Ranar biki ya miƙe ya tunatar da jama'a, cikin fushi, cewa har yanzu ba wanda ya taɓa ganin safarsa a jiƙe. Ngaire ta ce wannan gaskiya ne, ba mai musu, tana can a bushe ƙarƙashin ƙwan weka. Sannan ta ɗauko ludayin, ta ce ya ɗan sunkuyo.