Yadda Ake Ƙwato Haƙƙi Idan Kujera Ta Karye da Surukinka Bayan Garanti Ya Ƙare

Idan ka bi matakan nan daki-daki, tabbas za a canza maka kujerarka da ta karye, ko da garantinta ya rasu har an yi masa sadakar bakwai. An gwada hanyar a kan Malam Hambali, malamin firamare a Durun, kuma yana nan da ransa, ka iya zuwa ka tambaye shi.

Ga asalin maganar. Malam Hambali ya daɗe yana tari kafin ya sayi kujerar kushin mai zaman mutum uku a shagon Alhaji Sajo da ke Gwarzo. Aka rubuta masa rasit: uku ga Fabrairu, garanti shekara ɗaya. Kujera ta yi shekararta cif lafiya ƙalau, domin matarsa Furera ba ta barin yara su ko jingina da ita. Kwana tara da ƙarewar garanti, sai ga mahaifin Furera, Alhaji Baƙo mai hatsi na Gude, ya biyo daga wata ta'aziyya. Rabonsa da gidan tun sunan ɗansu na fari. Mutum ne da Allah ya hore wa jiki. Aka shigar da shi falo, aka miƙa masa kunun aya, ya yi bismillah ya zauna.

1. Fara ɗaga surukin

Nan mutane da yawa suke kuskure. Idan ka ji ƙarar katako, ka ga ƙafafun surukinka a sama, hularsa tana gangarawa ƙarƙashin tebur, kada idonka ya fara sauka a kan kujera.

Idon Malam Hambali a kan kujera ya fara sauka. Daga baya da ya tuna da Alhaji, kunya ta hana shi taɓa shi, ya tsaya yana ta "sannu Baba" yana kallon silin.

"Malam, kama shi mana," in ji Furera.

Su biyu suka ciro shi daga cikin soso, kunu ya wanke gaban babbar rigarsa. Alhaji ya karɓi hularsa ya ce, "Babu komai." A bakin ƙofa ya sake cewa, "Babu komai." Da zai hau mota ya faɗa karo na uku. Ka riƙe wannan: babu komai ɗaya haƙuri ne, uku kuwa ƙara ce aka shigar.

Kafin la'asar Inna, mahaifiyar Furera, ta kira daga Gude ta ce ana gasa wa Baba ƙugu da ruwan zafi, kuma 'yan uwa suna tambaya ko da gangan aka ba shi matacciyar kujera. Furera ta ajiye waya ta ce, "Malam, ni dai ban san da wane ido zan shiga gidanmu ba."

2. Kifa ta ka leƙa cikinta

Kowa ya san kujera ta fuska. Mai neman haƙƙi ta ƙasa yake saninta.

Da Malam ya kifa tasa ya yage baƙin ƙyallen da ke ƙasa, sai ya tarar da siririn katako irin wanda ake yi wa kaji keji da shi, da ƙusa shida, da guntun kwalin taliya an cusa a inda katako bai kai ba. Ya daɗe a tsugune yana karanta rubutun kwalin. Ɗauki hoto da wayarka ta kowane ɓangare. Ƙarewar garanti ba ta nufin an yarda kujera ta mutu a sati na gaba, domin ba wanda yake sayen kujerar falo don shekara ɗaya kamar hayar gona.

3. Idan za ka gyara rasit, duba kalanda

Zuciya za ta raya maka cewa kwana tara ba komai ba ne, kuma biro yana aljihunka. Ban ce ka yi ba. Amma in har za ka yi, ka yi da ilimi.

Malam Hambali, wanda ya sha sa ɗalibai tsallen kwaɗo saboda gyara maki a takardar jarrabawa, ya shige ɗaki ya tura ƙofa. Ya dubi ukun da ke kan rasit, ya ga akwai ɗan fili a gabansa. Ya zana sifili mai kyau, zagayayye. Ya hura masa iska ya bushe.

4. Tsawaita gaisuwa

Ɗora kujerar a akori-kura ka kai ta har ƙofar shagon. Kada ka shiga da faɗa. Tambayi gajiya, tambayi iyali, tambayi kasuwa, tambayi jikin tsohuwa ko da ba ka san tana da rai ba. Mai shago da ya amsa gaisuwa goma sha biyu yana jin nauyin ya ce bai san ka ba.

Alhaji Sajo siriri ne, mai fara'a, mai carbi a hannu. Ya amsa duka, ya karɓi rasit, ya sa tabarau. Ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Malam, ka ce koyarwa kake yi?"

"Eh, Alhaji. Aji biyar."

"To a makarantarku, Fabrairu kwana nawa ne?"

Malam ya buɗe baki. Talatin ga Fabrairu tana zaune a kan takardar, da hannunsa, da bironsa. Ya ce wataƙila yara ne suka yi wasa da ita.

"Yaran suna da rubutu mai kyau," in ji Alhaji Sajo, ya miƙo masa abarsa. "Uku ga wata ne. Garanti ya wuce. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

5. Ambaci hukuma da murya mai nauyi

Yanzu fito da hotunan. Ka ce akwai ofishin kare haƙƙin masu sayen kaya a Kano, ka faɗi haka kamar ɗan uwanka ne shugaban wurin. Malam ya yi hakan, ya nuna kwalin taliya, ya ce kaya mai aibu a ɓoye mai aibu ne ko da takarda ko babu. Magana ce mai kyau, har masu jiran mota a gefen shagon suka matso. Alhaji Sajo ya daina jan carbi.

Sai ya tambaya, "Wai waye ya zauna a kai?"

A nan ka yi tari, ka ce an kira salla, ka yi komai. Malam Hambali gaskiya ya faɗa.

"Baba ne."

"Wane Baban?"

"Na Gude."

"Alhaji Baƙo mai hatsi?" Alhaji Sajo ya jingina, fuskarsa ta washe. "Haba Malam. Kujerar mutum uku na sayar maka, amma ban ce su shigo cikin riga ɗaya ba."

Aka kwashe da dariya har direban akori-kura. Malam ya sa aka mayar da kujera mota, ya zauna a baya tare da ita har Durun.

6. Gaya wa matarka komai, ban da maganar sifili

Malam ya so ya binne zancen. Amma Furera ta ajiye masa abinci ta zauna gabansa, ta ce, "Me ya ce?" Ya ce babu sa'a. Ta ce, "Na ji. Me ya ce?" A karo na huɗu ya faɗa, da maganar riga ɗaya da komai.

Furera ta miƙe. Ta ɗauki waya ta fita tsakar gida. Ya ji tana cewa, "Inna, Baba yana kusa? A'a, kada ki gaya masa. Ni dai ke nake gaya wa."

Duk saƙon da aka ce kada a gaya wa mutum, ka ba shi minti biyar.

7. Tsaya a bakin ƙofa, ka rufe bakinka

Ranar kasuwa da hantsi Alhaji Baƙo ya aiko a ce Malam ya same shi a Gwarzo. Ya zo da sanda, yana ɗan dafe ƙugu. A cikin shagon Alhaji Sajo akwai wata Hajiya Naja'atu daga Dugabau da ƙannenta biyu, suna cinikin kayan ɗakin 'yarta, an kusa sallamawa.

Alhaji Baƙo ya yi sallama, ya gaisa da kowa a natse. Sannan ya zauna a kan tsohon bencin da ke ƙofar shagon, ya ɗan girgiza. Benci bai ce komai ba.

"Alhaji Sajo, wannan bencin shekararsa nawa?"

"Ya kai ashirin, Alhaji. Mahaifina ne ya yi shi."

"Allah ya jiƙansa. Ya ɗauke mu mu ukun."

Ya miƙe ya shiga ciki. Ya wuce kujeru biyu, ya tsaya gaban wata ruwan goro, irin ta Malam sak, wadda Hajiya ta riga ta ɗora jakarta a kai. Ya nemi ta ɗauke jakar. Ya juya wa kujera baya, ya tattare babbar riga, ya yi bismillah, ya fara lanƙwasa gwiwa.

"Alhaji, tsaya, don girman Allah," in ji Alhaji Sajo, har carbinsa ya faɗi.

Alhaji Baƙo ya tsaya a haka, rabi a sama rabi a ƙasa. "Lafiya? Ba mai ƙwari ba ce?"

Hajiya Naja'atu ta dubi ƙannenta, ta zuge jakarta a hankali.

"A kifa min ita in ga ƙasanta," in ji ta.

Ba a kifa ba. Alhaji Sajo ya ja Alhaji Baƙo gefe suka yi ƙus-ƙus, sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce shi dama ya yi niyyar canza wa Malam, yara masu aiki ne suka cuce shi da katako. Za a yi sabuwa da katako mai kauri, Hajiya ma haka, kuma kowa ya zo ya gani kafin a rufe da yadi. Ya rubuta sabon garanti na shekara. Wannan karon da kalmomi ya rubuta kwanan watan, ya ja layi a gaba da baya, ya miƙa wa Malam ba tare da ya dube shi ba.

8. Ƙara awo

Bayan sati biyu aka kawo kujera, mutum huɗu suka sauke ta. Ranar Asabar sai ga Alhaji Baƙo. Ya tsaya gabanta, ya saki jiki gaba ɗaya ya faɗa. Ta ɗauke shi. Ya ci tuwo malmala uku, ya sa wa Malam albarka, ya ce a Gude an daina zancen.

Asabar ta gaba ya dawo.

"Gara in riƙa gwada ta tun da sauran wa'adi, Malam. In za ta karye, ta karye da takarda."

Yau wata biyar ke nan bai fasa ko sau ɗaya ba. Yara suna kiranta kujerar Baba. Kuma da yake ba a zama a mazaunin suruki, Malam Hambali tabarma yake shimfiɗawa a bakin ƙofa, daga nan yake kallon kayansa. Ya ci nasara, sai dai har yau bai san laushinta ba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a ciwon ƙugu, ɓacin zumunci, ƙarewar masara a rumbu, ko duk abin da ya biyo bayan taɓa rasit da biro. Wanda ya bi matakan nan ya bi ne da ƙafarsa, kada a zo min gida. Idan kuma surukinka siriri ne, ka nemi gam da ƙusa.