Takardar da Injiniya Ya Ƙi Ɓarewa

Ba kowane dangi Allah yake yi wa baiwar injiniya ba. Mu dai an yi mana, kuma har yau ba mu gama godiya ba. Gaskiya ne namu bai taɓa zama a ajin injiniyoyi ba, amma wannan ƙaramar magana ce. A ofishinsu, duk lokacin da injin buga takardu ya shaƙe, shi ake kira ya buɗe murfi, ya zaro takardar da ta maƙale, ya rufe. Shekara tara ke nan yana yi wa al'umma wannan hidima. Da ya ga babu mai niyyar karrama shi, sai ya naɗa kansa Injiniya. A gida Auta muke ce masa, amma yanzu wanda ya kira shi haka, da bango yake magana. Yaya Babba ce kaɗai ba ta daina ba, don ita ta goye shi.

Babban aikin rayuwarsa wata tsohuwar kwamfuta ce da ofishinsu suka yar. Ya ɗauko ta ya girke a ɗakin tarkace, tsakanin tsintsiya da buhun tsofaffin takalma. Ya raɗa mata suna Cibiyar Adana Bayanan Dangi, ya buga sunan a takarda ya manna a ƙofa.

Bayan rasuwar Inna, ya bi mu gida-gida yana karɓar wayoyi. Inna ba ta iya rubutu ba, saboda haka duk saƙonta na murya ne: addu'a, faɗa, tsegumi, da 'yan waƙoƙin da take yi wa jikoki. Ya kwashe su kakaf ya zuba a Cibiya, sannan ya ba da umarni.

"Waya ba wurin ajiyar tarihi ba ce," in ji shi. "Yau ta faɗa ruwa, gobe ɓarawo ya wafce. Kowa ya goge nasa, kada a kawo min ruɗani a tsari. Abin da ya shiga Cibiya ya shiga ke nan har abada."

Muka goge. Ni da hannuna na goge, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Abokin gabar Cibiya ɗaya ne, ɗauke wuta. Da an ɗauke sai ta sume, idan an dawo da ita ta farfaɗo tana nishi. Wani a ofis ya ba shi labarin yupiyes, wato akwati mai batir a ciki, wanda yake riƙe wa kwamfuta wuta na 'yan mintuna har a kashe ta cikin mutunci. Washegari Injiniya ya yi mana bayaninsa kamar shi ya ƙirƙiro shi.

Ya shiga shagon kayan lantarki sanye da kwat, da biro uku a aljihun gaba. Mai shagon mutum ne mai haƙuri.

"Ranka ya daɗe, wuta nawa kwamfutar take ja? Kuma minti nawa kake so ya riƙe maka?"

Injiniya ya yi murmushin tausayi. "Ɗan'uwa, ni ba kwamfuta gare ni ba. Cibiya nake gudanarwa."

Mai shago ya nuna masa wani ɗan madaidaici, ya ce zai wadatar. Injiniya ya kalle shi kamar an zage shi. Shi yana da nasa ma'aunin, wanda ba a koyarwa a makaranta. Da farko sai ya ɗaga. Duk wanda ya ɗagu da hannu ɗaya ya faɗi jarrabawa. Sannan ya ƙirga fitilun gaba. Wanda ya yi nasara wani baƙi ne dirkeke, sai da ƙarti biyu suka kai shi mota suna haki.

"Bari in buɗe in haɗa maka," in ji mai shago, "don akwai wata takarda rawaya a gabansa da ya kamata…"

"Kada ka taɓa min leda. Shekara tara nake cikin injuna. Lokacin da na fara, kai ko soket ba ka sani ba."

Mai shago ya girme shi da shekara goma, amma ya karɓi kuɗinsa ya rubuta masa rasit.

Irin wannan kaya ba a ɓoye shi a ɗakin tarkace. Aka dawo da Cibiya falo, kusa da ƙofa, yadda baƙo zai yi tuntuɓe da ita kafin ya gama sallama. Ledar tana nan, takardar rawaya tana nan, don kowa ya shaida sabo ne fil. Da aka jona, wata jar fitila ta shiga ƙyaftawa, akwatin ya kama tsuwa. Injiniya ya bayyana cewa ja alamar cikar ƙarfi ce. Tsuwar kuwa, ya yi ta danna maɓalli har ta yi shiru, ya ce ya daidaita shi.

Matarsa ce ta lura, tana cikin goge ƙura. "Baban yara, takardar nan da zanen hannu riƙe da jar waya. Ko wani abu suke so a yi?"

"Hatimin kamfani ne. Ranar da aka ɓare shi, kaya ya zama tsoho. Ki tsaya a kan ƙurarki."

Ranar Asabar da rana ya tara mu bikin ƙaddamarwa. Ya yi jawabin minti arba'in, ya gode wa kansa sau uku. Domin gwaji ya zama gwaji, ya sa Cibiya aikin da ya fi kowanne nauyi, wato kwashe duk saƙonnin Inna tana sake musu wuri. Sannan ya kunna ɗaya a lasifika. Muryarta ta cika falon, tana yi mana addu'a. Mata suka fara share ido.

"Yanzu zan kashe wutar gidan nan baki ɗaya," in ji shi, hannunsa a kan babban makunni. "Ku saurara. Inna ko tari ba za ta yi ba."

Ya ja makunni. Fanka ta tsaya. Inna ta ce, "Allah ya yi muku…" ta katse. Jar fitilar ma ta mutu.

Ya mayar da wuta da sauri. Cibiya ta tashi, amma ban da ƙas-ƙas-ƙas babu abin da yake fitowa daga cikinta. Gumi ya jiƙa kwat. Ya fara wani bayani a kan girgizar lantarki, babu wanda ya ɗago kai.

Yaya Babba ta sa tabarau, ta durƙusa gaban akwatin, ta bi takardar da yatsa a hankali. "Auta, nan an ce an cire wayar batir saboda tafiya. A ɓare wannan takarda, a buɗe, a haɗa jar waya kafin a yi amfani da shi." Ta ɗago. "Har zane suka yi maka."

Mako guda kwamfutar ta yi a wurin mai gyara. Ya ce faifan ajiyar bayananta da ma ya tsufa, kuma wutar ta yanke masa yana tsakiyar rubutu. Ko kalma ɗaya ba a ceto ba. Ranar da labarin ya zo mun yi kuka kamar an sake yin rasuwar.

Muna cikin haka sai Yaya Babba ta laluba jaka, ta zaro 'yar tsohuwar wayarta mai ɗaure da roba, wadda Injiniya ya taɓa cewa abin kunya ce ga dangi.

"Na goge kamar yadda ka ce," in ji ta. "Saƙo ɗaya ne ya ƙi gogewa, na ji nauyin tambayarka."

Ta danna. Inna ta yi gyaran murya.

"Babba, idan Auta ya zo ya ce zai gyara min rediyo, ki ce na ba da aro. Biyu ya kashe min. Yaron nan yana da zuciya mai kyau, amma ba ya karanta komai, kuma ba ya jin magana. To, Allah ya yi muku albarka."

Muka yi dariya da hawaye a fuska. Ita kaɗai ce muryar Inna da ta rage a duniya. Kafin yamma ta shiga wayar kowa, ba tare da izinin Cibiya ba. Duk taron dangi sai an kunna ta, jikoki har sun haddace.

Injiniya ya haɗa jar wayar, akwatin yana aiki lafiya lau, yana gadin kwamfutar da babu komai a cikinta. Yanzu idan aka ce Auta, yana amsawa.