Muciyar Hajiya Ranar Cika-Ciki

"...lafiya lau, tsohuwa mai ran ƙarfe. Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana gaishe ka. Ta ce in tambaye ka ina ka kai tumbinka, ko jinginar da shi ka yi a unguwarku ta Kongo?"

Haka Hajiya da jikanta suka fara, ko takalmi bai gama cirewa ba. Ni kuwa ina bakin murhu ina hamdala a zuci, don ni na kira shi. Ni ce Lauratu, matar autan Hajiya, a gidanta nake zaune a nan Tudun Wada. Hajiya tana da ciwon suga, ga wani gyambo a babban yatsan ƙafa da ya ƙi warkewa tun kafin babbar salla. Likita ya gaya wa 'ya'yanta ɓaro-ɓaro: in ba ta rage tuwo da fura da shinkafa ba, suga ba zai sauka ba, in kuwa bai sauka ba, ƙafar nan sai dai wani ikon Allah. To, wa zai tare ta da wannan? Maigidana in ya buɗe baki ta harare shi, sai ya koma tambayar lafiyar kaji. Ni kuma suruka, ina ni ina hana ta tuwo a gidanta? Mutum ɗaya ne duk duniya yake gaya mata magana ido da ido ta yi dariya, wato Uwais, jikanta, mijinta na wasa. Shi ma likita ya tsorata shi a kan nasa tumbin, ya bar cin kayan sitaci, har suka yi alkawarin za su yi tare. Yau kuwa ranar cika-ciki ce, tun azahar ta ture ni daga tukunya ta tuƙa tuwon dawa da hannunta, tana ɗingishi.

Uwais ya dire leda a gabanta. "Ga cefanenki, Ishatu."

"Ishatu a bakinka, marar kunya!" Ta leƙa ledar ta tafa hannu. "Lauratu, zo ki ga ikon Allah. Mazan mutane suna kawo buhun shinkafa, nawa ya kawo mini kiwo. Kabeji, zogale, yalo. Ina igiyar? Ai sai ka ɗaure ni a turke ka huta."

"Akuya ai tana jin magana. Akwai ƙwai da kifi a ƙasa, in idon yana gani."

"Idon da ya ga ubanka ba wando? Kai dai tun da ka shiga ɗariƙar masu gaba da tuwo, wuyanka ya koma kamar mariƙin lema. Shekaranjiya Atika maƙwabciyata take tambayata wai ko jinya ka yi."

"Kowa da abin da yake faɗa. Abokaina sun ce karayar arziki ce. Ummana ta ce budurwa ce ta ƙi ni. Wani har lambar mai ruƙiyya ya ba ni. Ni kuwa yanzu ina ɗaure takalmina ba tare da na yi nishi ba."

"Sannu, gwani! A kira maroƙi, Uwais ya ga ƙafarsa. Yaro, kakanka Ɗantsoho tuwo ya ci safe da dare har ya tsufa tukuf, bai taɓa sanin ƙofar asibiti ba."

"Kakana yana suɗe ƙwarya yake saɓa fartanya, ya taka har Dutsen Abba a ƙasa. Ke in kin ci, iyakar tafiyarki daga tabarma zuwa katifa."

"Allah Ya isa tsakanina da bakin nan! To ka ji da kyau. Yau cika-ciki. Yau ko likitan ne ya shigo gidan nan sai ya lanƙwame malmala. Duk wanda bai cika cikinsa yau ba, da yunwa zai shekara. Haka muka taras."

"Cewa aka yi a cika ciki. Wa ya ce lallai sai da tuwo? Ga jelar ragon layya da kika ɓoye tun salla, ga kifi, ga kwaɗon zogale. Ki ci har ki kasa tashi."

"Wannan ai duk miya ce da 'yan rakiyarta. Cikin da ba tuwo rami ne. Ka taɓa ganin an yi biki ba amarya?"

"Na gani. Naki. Cewa aka yi kakana da ya ɗaga mayafi sai da ya tambaya ina amaryar."

Wallahi sai da na toshe bakina da gefen zani. Hajiya ba ta yi dariya ba, sai ta ƙanƙance ido tana shinshina iska.

"Matso nan."

"Me zan yi miki?"

"Matso, na ce. Mene ne wannan a gaban rigarka?"

"Turare ne."

"Turare mai yajin ƙuli? Kai! Waina ce! Wainar bakin Kongo, har da miyar taushe, ga shaidarta a hannun riga. Lauratu, kina ji? Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi! Shehun ɗariƙa ya tsaya wurin mai tanda!"

"Ɗanɗanawa kawai na yi, don in tabbatar har yanzu ba ta da amfani."

"Ka tabbatar?"

"Ban gama bincike ba, sai na koma." Ya share baki. "Amma laifi tudu ne, Hajiya. Ƙwaryar furar da ke ƙarƙashin gadonki fa, wadda aka rufe da faifai aka ɗora sallaya a kai? Ita ma turare ce?"

Hajiya ta juyo a hankali ta dube ni. Ni kuwa na duƙa ina ta hura wutar da take ci bal-bal.

"Munafukai sun haɗa kai," ta ce. "Bari in fara da babban."

Ta rarumo muciya. Muciyar nan ta girmi maigidana. Da ita take tuƙa tuwo, da ita kuma take bin Uwais tun yana rarrafe, har ya yi gemu ba ta daina ba. Ya tsokane ta, ta bi shi har zaure, ya tsallake kwata ya tsaya a waje yana mata gwalo. Duk layinmu an san wasan nan. Ta yunƙura ta miƙe, ta ɗaga muciya, ta taka ƙafar. Sai na ji ta ja iska ta haƙori, ta koma daɓas a kan kujera.

Uwais bai gudu ba. Yana nan tsaye inda hannunta ya kusa kaiwa.

"Taso mana," ya ce. "Ga ni. Yau ko zaure ba sai kin je ba."

"Zan taso. Hutawa nake."

"Ki huta. Amma ki sani, ni ba na zama da mace mai ƙafa ɗaya. Ranar da aka yanke ta, ranar zan sallame ki, in sa a ɗauko Atika."

"Ungo naka! Wa zai yanke? Ciwon ɗan yatsa ne fa."

"Haka suke gaya miki, don suna jin nauyinki. Ni ba na ji." Ya dubi ƙafar. "Ranar da likita ya faɗa, Baba fita ya yi ya shiga mota ya kulle, yana kuka kamar yaro. Ni na tuƙo mu gida."

Baban Uwais shi ne ɗan farin Hajiya. Ba ta kiran sunansa, ko doguwar magana ba ta yi da shi a gaban mutane. Ta daɗe tana kallon tsumman da aka ɗaure yatsan da shi. Ni dai tausayinta ya kama ni har na ji ƙwalla, na ɗora wa hayaƙi laifi.

"Shi... mutumin?" ta ce. "Kuka?"

"Har da majina."

Sai ta fashe da dariya, tana goge ido da bakin mayafi. "Ragwaye! Ashe ragwaye na haifa. Ƙato da furfura yana kuka a mota saboda ɗan yatsa. Lauratu!"

"Na'am, Hajiya."

"Gutsuro mini tuwon nan daidai yadda likitan ya ce, ɗan mitsitsin nan na rowa, don albarkar rana. Sauran ki rarraba wa maƙwabta, furar ma ki haɗa. Ki kwaɗa ciyawar mijina, ki sauke mana jelar nan. Shi kuma ko loma kada ki ba shi, ya riga ya yi nasa cika-cikin a Kongo."

"Zalunci!" in ji Uwais. "Ni da na kawo cefane?"

"In na shekara da yunwa, a wuyanka, mariƙin lema." Ta juya muciyar a hannunta, ta share ta da zani, sannan ta miƙa masa ta wajen mariƙi. "Ungo. Tafi da ita, in tana gidan nan ba zan iya kallonta in ƙyale tukunya ba. Amma aro na ba ka. Ranar da ƙafar nan ta warke, da ita zan tako har Kongo in karɓi abata, kuma a tsakiyar kanka zan fara gwada ta, a gaban mai wainar."

Uwais ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu.

"Allah Ya kai mu, amarya," ya ce. "Ki tako ɗin. Wallahi ranar ko kaucewa ba zan yi ba."