Jarkar da Na Kai Sakkwato

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki jarka daga Maiyama zan kai Sakkwato ba. Lokacin jihar Kebbi ba ta daɗe da samuwa ba, ni kuma ina ƙaramin ma'aikacin lafiya a wani asibitin sha-ka-tafi. Na lura akwai maza da ke zuwa mana da kumburin ciki, idanu sun yi rawaya. In ka tambayi mutum ko yana shan wani abu, sai ya ce ruwa. Da na ji wata ƙungiya na ba da ɗan tallafi ga masu son fara bincike kan illar giya ga lafiya, sai na rubuta musu cewa ina son duba yadda burkutu ke cin hanta.

Amsa ta zo da Turanci. Suka ce in je Sakkwato a gana da ni, in taho da samfur. Na karanta sau ɗaya, na ninke, na sa aljihu.

Da sassafe na zagaya ta bayan gari wajen wata mata mai dafa burkutu. Ta cika min jarkar, ta ce kar in toshe bakin sosai, abin bai gama tashi ba. Ni da na yi makaranta (haka na riƙa ji da kaina a lokacin) sai na sa leda, na murɗe murfin iya ƙarfina, don kar wari ya fita.

A tashar Jega na shiga bas. Sai da na zauna na ga wanda ke gefena: surukina, mahaifin matata, dattijo ɗan garin Gehuru mai fataucin albasa, za shi Aliero cikin farar riga. Na gaishe shi kaina a ƙasa, na tura jarkar tsakanin ƙafafuna.

"Mi ka ɗauko haka?" in ji shi.

"Kunu na, Baba."

Ban san daga ina kalmar ta fito ba. Rana ta yi zafi, ga injin motar kusa da ƙafata. Wata tsohuwa a bayanmu ta taɓa kafaɗata ta ce, "Ɗana, sam min kunun ga, maƙogwarona ya bushe." Na ce mata ya yi tsami. Ta ce mai tsamin take so. Na yi kamar ban ji ba. Surukina ya dube ni, irin kallon da ake yi wa mai hana tsohuwa kunu, ya kawar da kai.

Jarkar kuwa kumbura take yi. Ina jin ta tana tura min ƙwauri. Dab da Aliero motar ta faɗa wani rami, murfin ya tashi ya bugi rufi. Kumfa ta yi sama, rabi ta sauko a kaina, rabi a kan farar rigar Baba.

Kowa ya ji warin, amma ba mai son ya zama na farkon da ya gane shi. Mun yi tafiya mai ɗan nisa a haka kafin direba ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Kunun ga dai na san inda ake dama shi."

Baba ya cire hula ya kakkaɓe. Ya ce a sauke shi inda zai sami ruwa, ba zai yi salla da rigar nan ba.

Haka na isa gaban kwamiti, mutum uku, ina wari, da sauran abin a gindin jarka. Na ajiye ta kan tebur na ce ga samfur. Shugabarsu, wata likita, ta ja kujerarta baya, ta ce in miƙo wasiƙar. Ta nuna min layin da yatsa. Samfurin takardar tambayoyin da zan yi wa marasa lafiya suke nufi. Ɗaya daga cikinsu ya ce aƙalla wannan ya san inda masu shan suke. Ina jin dalilin da ya sa suka ba ni tallafin ke nan, don ban tuna na amsa wata tambaya daidai ba.

Kafin in dawo labari ya riga ni. An kira matata gida. Sai da na ɗauki shugaban asibitinmu da wasiƙar muka je Gehuru, aka fassara wa Baba ita layi-layi. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Aikin naka mai kyau na, Allah shi taimaka. Riga ma ta wanku. Amma don mi ka ce min kunu na?" Washegari matata ta dawo, ta yi mako tana dama min kunu safe da yamma ba tare da na nema ba.

Binciken na yi shi, ya kuma ɗan yi amfani. Abin da na fi koya dai bai shiga rahoton ba. Yanzu duk wasiƙar Turanci sau uku nake karanta ta, kuma in mai sana'a ta ce kar in toshe, ba na toshewa.